Ɗiyata ta kama mana teburi a Landan: in je ko in ce ta fasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Hajiya. Ni mazauniyar Agege ce, ina sayar da atamfa da leshi. A watan Yuli zan tafi Landan bikin kammala karatun ɗiyata. Ta kira ni tana ta murna, wai ta samo mana teburi a wani gidan abinci da ake rububinsa, sai da ta yi wata biyu tana dako a intanet, har ta biya kuɗin kafin alƙalami. Ta ce a can ba a zaɓar abinci, kala goma sha biyu za su kawo ɗaya bayan ɗaya, kowanne bai wuce loma biyu ba. Kuɗin da ta faɗa mini ya tayar mini da hankali. Babban tsorona kada a ba ni haram ban sani ba, ga shi ba na son in shiga da mayafina in zama abin kallo. In ce mata ta fasa ne?

Daga wata mai karatu, Agege, Legas

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya sanya albarka a karatun yarinya, Ya kai ku lafiya.

Kada ki ce ta fasa. Amma akwai aikin da za ku yi tun kina nan Agege, kuma idan aikin nan bai yiwu ba, to a lokacin ne za a fasa, ba tare da jin nauyin kowa ba.

Bari in fara da abin da ya same ni, don kada ya same ki. Bara waccan ɗan yayata ya kai ni irin wannan wuri a tsibirin Victoria. Mu goma sha huɗu ne kacal a teburi guda, kuku yana tsaye gabanmu yana bayanin kowane faranti. Ban gaya musu komai ba kafin mu je, a zatona tunda Legas ce ai an san da Musulmi. Sai a faranti na biyar, wani yankan nama da romo mai duhu a gefe, na ji yaron da ke kawo abinci yana cewa an dafa romon da giyar inabi. Na tura farantin gefe. Na shida ma da kitsen alade aka soya shi. Kukun ya zo da kansa ya ba ni haƙuri, ya ce da ya sani tun kwana biyu baya da ya shirya mini nawa daban, amma a daren nan babu yadda zai yi, domin romon tun jiya yake kan wuta. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba don kuɗin ba, don yaron da ya tara albashinsa ya kawo ni yana zaune ya rasa inda zai sa kansa.

To ga aikin. Yau ɗin nan ɗiyarki ta rubuta musu imel, ba waya ba, don amsar ta zama a rubuce. Kalmar “halal” kaɗai ba ta wadatar ba, saboda wani kukun abin da ya fahimta da ita shi ne a cire naman alade shi ke nan. Ta lissafa musu dalla-dalla: ba alade, ba kitsensa, ba jelatin (galibi daga fatar alade ake yinsa, kuma yana ɓuya a kayan zaƙi), ba giya ko a cikin romo ko a miya ko a abin da aka jiƙa nama. Idan sun ce ai barasar tana ƙonewa a wuta, kada ku yarda, dahuwa tana rage ta ne, ba ta kawar da ita duka. Sannan ta tambayi inda suke samo nama. In ba yankan Musulmi ba ne, ta nemi a yi muku jerin kifi da ganye; gidaje da yawa suna da shi a ajiye, sai an tambaya. Wasu kuma za su ce ba sa sauya komai. Wannan ita ce amsar da za ta sa ku janye, kuma ku yi da wuri, domin irin waɗannan gidaje suna riƙe kuɗin mutum idan ya soke a ƙurarren lokaci.

Za su yi muku tayin abin sha da ke tafiya da kowane faranti. Na asali giya ce. Akwai na ruwan 'ya'yan itace da shayi, amma ko shi a tambaya, saboda wasu tsimammu ne.

Batun mayafi kuwa, ki kwantar da hankalinki. Mai sayar da leshi ai ba a koya mata shiga. Ki ɗinka wanda ya fi kowanne a shagonki, ki yafa mayafinki, ki shiga da kanki a sama. Landan cike take da mata masu lulluɓi, kuma a irin wannan wuri idon kowa yana kan farantinsa.

Yanzu ga abin da ya sa nake son ki je. Wannan salon girki ya yi suna ne daga wani gida a Sifaniya mai suna elBulli, na kuku Ferran Adrià, wanda aka rufe a 2011. A can aka riƙa mayar da abinci kumfa, a kuma dunƙule ruwan zaitun ya zama ƙwallo mai fashewa a baki. Daga baya wani gidan abinci mai suna Noma a birnin Kofanhegan ya ja hankalin duniya zuwa tsima abinci, a ajiye shi ya yi kwanaki ko watanni har ɗanɗanonsa ya sauya. Da na fara jin wannan, kakata na tuna a Zariya, tana dafa kalwa yini guda, ta surfa, ta wanke, ta rufe ta da ganye kwana uku har warin daddawa ya cika gidan. Abin da suke yi da na'urori da ma'aunin zafi, ita da hancinta take gane ya yi. Haka kindirmo, haka gasarar koko. Saboda haka ba baƙuwa za ki shiga ba. Harshenki ya san wannan ilimin tun kina goye.

Kuma kayanmu sun riga ki isa can. A Landan akwai gidan abinci mai suna Ikoyi, sunan unguwar nan tamu ta Legas, wanda Jeremy Chan da Iré Hassan-Odukale suka buɗe a 2017, yana da taurarin Michelin biyu. Michelin ɗin nan kamfanin tayar mota ne na Faransa da ya fara buga littafin jagorar matafiya a 1900, yau kuma taurarinsa, daga ɗaya zuwa uku, su ne abin da kukun duniya ke kwana yana mafarki. Wadda ta fi burge ni ita ce Adejoké Bakare, da ta tashi a Kaduna. A 2024 ta zama baƙar mace ta farko da ta samu tauraron a Birtaniya, kuma sunan gidanta Chishuru. Ki sake karanta shi a hankali: ci shiru. Shirun nan da ke sauka a kan tabarma idan tuwo ya yi daɗi. Ranar da na gane haka sai da na yi ƙwalla.

Kin ce loma biyu. Haka ne, amma loma biyu sau goma sha biyu, cikin awa uku, yawancin mutane suna tashi a ƙoshe. Duk da haka kada ki je da yunwar yini, ki ɗan taɓa wani abu da rana. Ki yi La'asar kafin ku fita. A Yuli rana ba ta faɗuwa a Landan sai wajen ƙarfe 9 na dare, don haka idan teburinku na 6 ne za ki samu Magariba bayan kun tashi. Ku isa kafin lokaci da minti goma. A nan mun saba mu ce gosulo ne ya riƙe mu a gadar Third Mainland a yi mana uzuri, can kuwa kicin ɗin da agogo yake tafiya, wanda ya makara yana iya rasa farantan farko. Ku kuma sa ran ƙarin kuɗin hidima a kan takardar biya, galibi kashi 12.5 cikin 100.

Maganar tsada ban raina ta ba. Na san abin da kuɗin nan zai yi a kasuwar Mile 12, buhu nawa na shinkafa, kwando nawa na tumatir. Da bashi za a ci don a je, da ni ce ta farko da zan hana. Amma yarinyar nan ta yi shekaru tana cin abin da kika tura mata daga ribar atamfa, yanzu tana son ta zaunar da ke a yi miki hidima sau ɗaya a wurin da take ganin ya fi ko'ina. Ki bar ta ta yi. Idan aka kawo abin da ba ki gane ba, ki tambayi mai kawowa mene ne a ciki, aikinsa ke nan kuma suna jin daɗin a tambaye su. In kin ji ɗanɗanon daddawa ko citta ko kimba, ki gaya masa sunansu da Hausa.

In kin dawo ki rubuto mini abin da suka amsa a imel ɗin, da farantin da ya fi tsaya miki a rai, domin akwai wata mai karatu daga Idi-Araba da za ta yi irin wannan tafiya a Disamba.