Yadda malamin ƙauye zai nuna wa ɗalibai shahararrun zane-zanen duniya a waya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malami ne a ƙaramar sakandare, a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Ringim. An ba ni darasin zane da al'adu, amma hotunan littafinmu duk sun dushe. Yaya zan yi in nuna wa yara zanen da kyau a wayata? Sabis ba ƙarfi a nan, data kuma ta yi tsada.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri.

Akwai manhajar Google Arts & Culture, kyauta ce a Play Store, tun 2011 aka fara aikin. Ka nemi The Starry Night, wanda Vincent van Gogh ya zana a 1889, yanzu yana New York a Amurka. Sa yatsu biyu ka buɗa hoton har ka ga yadda fenti ya yi tudu-tudu, buroshi ya bi sararin sama yana murɗawa, kowane tauraro da zobensa na haske. Littafi ba zai nuna wannan ba. Sai dai manhajar sai da intanet, kuma zagayen cikin gidan tarihi da take yi da mutum yana shan data sosai. A ƙauye ban ba ka shawarar sa ba.

Abin da ya fi maka shi ne saukewa. Ranar da ka shiga gari, ko cikin dare idan layinka yana da garaɓasa, ka sauke abin da zai ishe ka zango guda. Gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya saki hotuna kusan 375,000 a 2017, kowa ya ɗauka kyauta. Shafin Wikimedia Commons kuwa yana ba ka zaɓin girma. Ɗauki matsakaici, ya wadatar a waya. A can za ka samu Mona Lisa ta Leonardo da Vinci, wadda ke gidan tarihi na Louvre a Faransa. Yara za su yi mamaki in ka auna musu girmanta a allo: santimita 77 a tsaye, 53 a kwance, kuma a kan katako aka zana ta.

Kada ka dogara da hotunan da ke yawo a Facebook, wasu an sauya musu launi, wasu ma ƙirƙirar kwamfuta ce. In za ka ba abokin aiki, tura ta Xender. In ta WhatsApp ne, aika a matsayin Document, don kada ya matse hoton.

Ka duba kowane hoto kai kaɗai kafin ka shiga aji, domin zanen Turawa da yawa akwai tsiraici. Sashen fasahar Musulunci na Metropolitan yana cike da zayyana da rubutun Alƙur'ani masu ƙayatarwa, ka haɗa da su.

Ina roƙon ka kada yaran su tashi da tunanin cewa zane na Turawa ne kaɗai. Ka nuna musu Tutu ta Ben Enwonwu, mai zane ɗan Nijeriya, wadda aka sayar a Landan a 2018 kan fam miliyan 1.2. A nan Jigawa ma, duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude, suna ɗauke da tsofaffin zanen shanu da mutanen dā suka yi. In makaranta za ta iya ɗaukar mota, ku je ku gani, ka ɗauko hotuna da wayarka don 'yan ajin baɗi.