Yamai zuwa Jidda awa nawa ne a jirgi?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Daga Tawa nike, ina son in kai tsohuwata umra. Wani ya ce mani Yamai zuwa Jidda awa 5 ne kawai, amma biyen da aka gwada mani a ajans sai wanshekare za mu sauka. Wane ne gaskiya? Inna ba ta jure dogon zama.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri, ya ba Inna lahiya. Duk biyun gaskiya ne.

Tsakanin Yamai da Jidda in aka ja layi a sama wajen kilomita 4,000 ne, jirgin fasinja kuma yana cin kamar kilomita 850 a awa, to in ka haɗa da tashi da sauka awa 5 da ɗan wani abu ke nan. Amma fa wannan sai jirgin da ya miƙe kai tsaye irin wanda ake ɗaukar ma alhazai haya lokacin hajji. Kuma layin nan ta Cadi da Sudan ya ratsa, tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu 2023 jirage suka koma yin kewaye, tahiyar ta ƙara tsawo.

Biyen da aka gwada maka mai eskal ne, wato sai an yada zango a wata ƙasa kafin Jidda. In Ethiopian Airlines ne, Addis Ababa za ku fara sauka, kuma abin da mutane ba su lura da shi ba, Yamai zuwa Addis ɗin nan shi ma wajen kilomita 4,000 ne, wato ka ci nisan Jidda gaba ɗaya amma ba ka iso ba, saura kamar kilomita 1,400, awa 2 da rabi, ban da zaman jira. In Turkish Airlines ne ta Istanbul, kewayen ya ma ɗara haka.

Sai maganar agogo. Saudiyya ta riga mu da awa 2, kuma lokacin saukar da ke cikin biye agogonsu ne. In ka ga tashi ƙarfe 1 na rana sauka 8 na dare, to 6 ce a Tawa.

Ni abin da ya fi damuna Inna ce. Kafin ma ku ga hilin jirgin Diori Hamani akwai kar daga Tawa, ta Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso, sama da kilomita 500, wuni guda cur. Don Allah kar ka sauke ta daga kar ka wuce da ita jirgi, ku zo Yamai da kwana ɗaya ko biyu ta huta. Na sha ganin tsofaffi sun iso ƙafa a kumbure takalmi ya ƙi shiga, abin yana ci mani rai wallahi.

Wajen sayen biyen ka ce a sa mata keken guragu a kowane hili, ka nemi kujerar bakin hanya don ta riƙa tashi tana ɗan takawa, maganinta kuma ya zauna cikin jakar hannu. Ka zaɓi eskal na awa 3 zuwa 4, ko da ya ɗan fi tsada. Haraminka ka sa shi tun a Addis, bayin jirgi matsattse ne, niyya kuma ka tambayi malaminku inda za ku ɗaura ta kafin ku bar gida.