Yaya ƙuda ke gane inda abu ya dosa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a Kumo, Jihar Gombe. Ɗalibaina sun tambaye ni yadda ƙuda ke sanin ta inda hannu ya nufo shi har ya tsere, alhali ƙwaƙwalwarsa ba ta taka kara ta karya ba. Ina neman ƙarin haske.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da ya kamata ɗalibanka su fara riƙewa shi ne, babu wata ƙwayar ido guda ɗaya da ke ganin motsi. Idon ɗan ƙaramin ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itatuwa, wanda masana ke kira Drosophila kuma suka fi bincike a kansa, yana da ƙananan idanu kusan 800, kowanne na duban ɗan gurbi ɗaya, kuma iyakar rahotonsa shi ne haske ya ƙaru ko ya ragu. Sanin alƙibla lissafi ne da ƙwayoyin jijiya ke yi daga baya.

A shekarar 1956, masana biyu a Jamus, Bernhard Hassenstein da Werner Reichardt, suka bayyana wannan lissafi bayan gwaji a kan wani ƙwaro dangin buzuzu. Ɗauki misalin mutum biyu masu lura da hanya, ɗaya a Alƙaleri, ɗaya a Bauchi. Idan mota ta taso daga Gombe, na Alƙaleri ne zai fara ganin ta, sai a jinkirta saƙonsa da gangan har ya iso daidai lokacin da na Bauchi ya ga motar. Haɗuwar saƙonnin biyu ita ce shaidar cewa motar ta nufi yamma. Da daga Bauchi ta taso, da sun saɓa. Haka jijiyar ke jinkirta saƙon gurbi ɗaya, ta ninka shi da na maƙwabcinsa, sai amsa ta yi ƙarfi idan motsin ya bi alƙiblar da ta dace da ita. A 1965 kuma, Horace Barlow da William Levick suka gano wata dabarar a idon zomo, inda ake danne saƙon idan motsin ya zo ta akasin haka.

An shafe fiye da shekara 50 kafin a nuna ƙwayoyin da ke wannan aiki, kuma a ganina nan ne labarin ya fi ban sha'awa. A 2010, ɗakin binciken Alexander Borst na Cibiyar Max Planck da ke Jamus ya nuna cewa saƙon yana rabuwa gida biyu tun da wuri: hanyar ƙaruwar haske da hanyar raguwarsa. A 2013 suka tabbatar cewa ƙwayoyin jijiya masu suna T4 ne ke bin gefen abu mai haske, T5 kuma gefen abu mai duhu, kuma kowannensu iri 4 ne, na gaba zuwa baya, na baya zuwa gaba, na sama da na ƙasa. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ƙwaya guda tana haɗa dabarun biyu, tana ƙarfafa alƙiblarta tana kuma danne akasinta.

Batun hannu kuwa, abin da ya nufo ƙuda girma yake yi a idonsa, gefunansa na bazuwa ta kowane ɓangare lokaci guda. Wasu ƙwayoyi masu suna LPLC2 suna tattara saƙon T4 da T5 don gane wannan bazuwa, su miƙa ga babbar jijiyar da ke ba da umarnin tsalle. Kafin ya tashi ma yakan gyara tsayuwar ƙafafunsa domin ya tsallake zuwa nesa da inda haɗarin ya fito.