Tambaya da Amsa: Me ake nufi da "antagonize"?

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Na ci karo da kalmar "antagonize" ina shirin jarrabawar JAMB. Na ɗauka ɗaya take da "annoy", malaminmu ya ce a'a. Mene ne bambancinsu, kuma daga ina kalmar ta fito? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malaminku ya yi gaskiya, 'yata. "Annoy" ɓata rai ne kawai, mutum ya ji haushi yanzu, anjima ya huce. "Antagonize" ta fi haka nauyi: ka yi wa mutum abin da zai sa ya ƙullace ka, har ya koma abokin gaba. Ita ma "provoke" daban take, domin tunzurawa ce, kuma ana iya tunzura mutum ya yi faɗa, ya yi dariya ko ya yi tunani. "Antagonize" kuwa ba ta haifar da komai sai gaba.

Abin da ɗalibai suka fi kuskurewa shi ne ba sai da niyya ake yin ta ba. Mai tsokana ya san abin da yake yi. Amma sabon shugaban ma'aikata da ya zo ya soke tsarin da ya tarar, bai shawarci kowa ba, yana iya tara maƙiya alhali gyara ya nufa. Sai Bature ya ce "he antagonized the staff", wato ya janyo wa kansa baƙin jini a wurinsu. Ki lura ba a sa "with" a bayanta, sunan wanda aka yi wa ne ke biyo ta kai tsaye.

Asalinta Girkanci ne. "Anti" na nufin kishiya, "agon" kuma gasa ce, irin ta kokawa da tsere da ake yi a Olimfiya, har da gasar wasan kwaikwayo ta birnin Atina. Da ta shiga Turanci a ƙarni na 17, ma'anarta karawa da wani. Sai a ƙarni na 19 ta ɗauki ma'anar da muka sani yau. Daga saiwar nan aka samu "protagonist", jarumin labari, da "antagonist", mai adawa da shi, waɗanda masu karatun adabi ba sa rabuwa da su.

Likitoci sun riƙe tsohuwar ma'anar. Idan suka ce maganin naloxone yana "antagonize" ɗin mofin, wato maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, suna nufin yana tare masa hanya a jiki, ya hana shi aiki.

Batun rubutu kuma, Amurkawa da "z" suke yi, a Ingila an fi ganin "antagonise", duk da cewa ƙamus ɗin Oxford na fifita "z". Duka biyun daidai ne, amma ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai cikin insha'inki. Wajen furuci, gaɓa ta biyu ake dannawa: an-TA-go-naiz.