Amsar bogi ta furoksi lokacin gwajin manhaja

Malam, in na fahimce ka, gwajinka na atomatik yana faɗuwa duk lokacin da sabar API, wato kwamfutar da manhajar ke tura wa buƙata ta karɓi amsa, ta tsaya ko netwok ya yi rauni, kana so manhajar ta riƙa samun amsar da ka tsara da kanka. Mu ma a wurin aikinmu nan Jos mun sha wannan wahalar sosai.

Ni mitmproxy nake amfani da shi, furoksi ne, wato abin da ke tsayawa tsakanin manhaja da saba yana kama saƙonninsu. Ka tayar da shi a kwamfuta, yana saurare a tashar 8080, sai ka saita furoksin emuleta na Android (wayar kwaikwayo da ke gudana a cikin kwamfuta) zuwa 10.0.2.2, wato adireshin kwamfutarka ke nan a wurin emuletan, ka rubuta ɗan shiri da yaren Python da zai kama, misali, buƙatar shiga akawun ya mayar da amsar da ka tsara a JSON, tsarin rubuta bayanai. Kar ka tsaya a amsar 200 (nasara) kawai, gwada 500 (matsalar saba) da 401 (ba a tantance mai shiga ba) da jinkirin sakan goma, nan ne manhaja ke tona asirinta.

Inda mutane ke maƙalewa shi ne HTTPS, wato haɗin da ake rufe saƙonninsa don tsaro, inda furoksi ba ya aiki sai manhaja ta yarda da satifiket ɗinsa, wato takardar shaidarsa. Tun Android 7 manhaja ba ta yarda da satifiket ɗin da ka saka da hannu, sai ka ba da izini a network_security_config, fayil ɗin saitin tsaron netwok na manhajar, kuma a kwafin gwaji kaɗai don Allah, kar ya shiga wanda zai je Play Store. In kuma an ɗaure manhajar da satifiket guda, ba ta karɓar wani, kira mai kula da tsaronku ku cire ɗaurin tare a kwafin gwajin.