Na ƙi sa hannu a takardar ƙarya, manaja ya dakatar da ni

Tambaya: Barista, shekara huɗu ina riƙe da sito a wani kamfanin sayar da takin zamani a Katsina. Manajanmu ya ce in sa hannu cewa buhu 300 sun shigo, alhali 260 na ƙirga. Da na ƙi, ya dakatar da ni da baki, ya ce babu albashi, ya kuma gargaɗi abokan aikina kada su kula ni. Ina mafita?

Amsa: Malam, ƙin da ka yi shi ne daidai. Da ka sa hannun nan, ranar da masu binciken kuɗi suka zo, sunanka za su gani a takarda, kuma kai za a tambaya ina buhu 40. Cewa "manaja ne ya sa ni" ba ta wanke mutum daga laifin rubuta takardar ƙarya.

Abin da ya fi ba ni tsoro a maganarka shi ne dakatarwar baki. Idan ka zauna a gida, gobe sai a ce kai ka gudu daga aiki. Saboda haka ka rubuta wasiƙa yau, gajera, ba zagi ba zargin sata: ranar kaza an ce in daina zuwa, ina neman a ba ni wannan a rubuce tare da dalili, kuma a shirye nake in koma aiki. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya. In sun ƙi karɓa, ka tura ta WhatsApp ko imel, ka ajiye wayar, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da irin wannan hujja idan an cika sharuɗɗansa. Ka aika kwafi ga mai kamfani ko wanda ke sama da manajan. Sau da yawa su ne ba su san wainar da ake toyawa ba.

Sai ka ɗauko takardar ɗaukarka aiki. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Idan babu inda takardar ta ba su damar dakatarwa ba albashi, kuɗinka na nan yana taruwa, bashi ne a kansu. In kuma kora suke nufi, sashe na 11 ya ce wanda ya yi shekara biyu zuwa ƙasa da biyar a ba shi notis na mako biyu a rubuce, ko kuɗin da ya maye gurbinsa, sai in yarjejeniyarku ta tanadi fiye da haka.

Kafin kotu, ka kai koke ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Katsina, su kira ɓangarorin biyu a yi sulhu. In ya gagara, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda sashe na 254C na tsarin mulki ya keɓe wa irin wannan shari'a. Tana da reshe a Kano. Kada ka ɓata kuɗi a kotun majistare ko ta shari'ar Musulunci, ba huruminsu ba ne. Kuma ka sani, a kamfani mai zaman kansa kotu ba ta cika tilasta a mayar da mutum aiki ba, albashin da aka riƙe da diyya ta fi bayarwa.

Abokan aikinka kuwa, kada ka riƙe su a zuci, tuwonsu suke karewa. Amma ka rubuta sunan direban motar da 'yan dakon da suka sauke kayan, da lambar motar da ranar. Kada ka fita da littafin sito ko takardun kamfani na asali, sai su mayar da kai ɓarawo. Abin da ka ƙirga da hannunka ka rubuta a naka littafin, ka sa kwanan wata.