Baffa daban, Kawu daban

'Yata, na ga saƙonki. Kin ce Baffanki ya ɓata rai don kin kira shi "Ankul" a gaban baƙi, alhali haka kuke kiran malamanku a makaranta, kuma samari na ce wa mai shayi ko direban Keke Napep "Kawu" ba wanda ya damu. To, saurara.

Na titi ba laifi ba ne. Bahaushe ya saba ara wa baƙo sunan dangi don ya girmama shi: Baba, Kawu, Inna, Yaya. Har yaron goye ana ce masa Kawu ko Baffa idan sunan ɗayansu ya ci, saboda alkunya ba ta barin iyaye su kama sunan kai tsaye. Wasu ma sunan ya bi su har girma.

Cikin gida kuwa magana ta sha bamban. Ɗan'uwan mahaifinki shi ne Baffa, mutanen Gombe da Adamawa su ce Bappa, wasu gidajen kuma Baba kawai suke cewa, Baba Babba ko Baba Ƙarami. Ɗan'uwan mahaifiyarki shi ne Kawu. Ankul ta haɗa su a kwano ɗaya, kuma ko kusa haƙƙinsu ba ɗaya ba ne.

Ranar ɗaurin aurenki, mahaifinki ba zai buɗe baki ba. Baffan nan da kika ce wa Ankul shi zai zauna a gaban liman a matsayin waliyyi, shi zai karɓi sadaki, shi za a nema in wata matsala ta taso a gidan mijinki. In uba ya rasu, shi ke riƙe marayu. Manzon Allah (SAW) da kansa ya faɗa game da Abbas cewa baffan mutum tamkar mahaifinsa ne. Mutumin da ke ɗauke da wannan nauyi, ya ji kin kira shi da sunan da kike kiran malamin lissafi, dole ya ji an rage masa matsayi. Ni ma da zan ji kin ce min Anti maimakon Gwaggo, sai raina ya sosu.

Kawu kuma gidan sauƙi ne. Wajensa yaro ke gudu in ya yi laifi, shi ke zuwa ba da haƙuri. 'Ya'yansa taubasanki ne, abokan wasa, da su kuke tsokanar juna kan kuɗin shara a watan cika-ciki. 'Ya'yan Baffa ko, yayye ne da ƙanne, ba a wannan wasan da su.

Gobe da safe ki je ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce "Baffa, ina kwana." Ba sai kin tayar da zancen ba, zai gane. Ki gaida mahaifiyarki.